Me Habbatus Sauda Take Yi wa Garkuwar Jiki?

Da wuya ka shiga gida goma a cikin birnin Kano ba ka tarar da habbatus sauda a bakwai ko takwas ba. A Kasuwar Kurmi ana auna tsabarta da gwangwani. A shagunan magungunan Musulunci kuwa ta shiga kwalba, ta shiga kafso, ta shiga zuma, har sabulu da man shafawa ba ta bari ba. Tun lokacin korona a 2020, da aka rufe gari mutane suka koma ga citta da tafarnuwa da lemon tsami, magana ɗaya ta manne mata a bakin mai sayarwa da mai saye: tana ƙara garkuwar jiki. Mai mota da lasifika yana faɗa, malama a islamiyya tana faɗa, har wasu ma'aikatan asibiti suna faɗa.

Wannan tsaba tana cikin tsirran da masana suka fi bincika a duniya, don haka ba maganar shaci-faɗi za a yi ba. Sai dai abin da binciken ya fi nunawa ya saɓa da abin da ke rubuce a jikin kwalba. Inda hujja ta fi ƙarfi shi ne habbatus sauda tana lallashin garkuwar jiki idan ta harzuƙa. Maganar ƙara mata ƙarfi kuwa, hujjarta ba ta taka kara ta karya ba. Kafin a gane dalili, sai an fara gane ita garkuwar.

Garkuwar jiki ba abu guda ba ce da za a ce ta cika ko ta yi ƙasa. Ɓangarori ne da yawa. Akwai fata da majina da ruwan ciki mai tsami, waɗanda ke tare cuta tun daga bakin ƙofa. Akwai fararen ƙwayoyin jini da ɓargo ke ƙerawa, su ma iri-iri. Wasunsu, irin su nutrofil da makrofaj, ba sa tambayar sunan baƙo, duk abin da ba na jiki ba ne sai su haɗiye shi. Mugunyar da ke fita daga maruru galibinta gawarwakin nutrofil ne. Wasu kuma, wato ƙwayoyin T da na B, su ne masu koyo da tunawa. Idan suka haɗu da ƙwayar ƙyanda sau ɗaya, sai su riƙe kamanninta, ƙwayoyin B su ƙera makamin da ya dace da ita kaɗai, shi ya sa wanda ya yi ƙyanda ba ya sake yi. Kaluluwar da ke fitowa a hammata ko matsematsi idan mutum ya ji ciwo, nan ne wurin da waɗannan ƙwayoyi ke taruwa suna hayayyafa. Duk waɗannan suna aika wa juna saƙo ta wasu sinadarai da ake kira sitokin. Wasu sitokin suna cewa a taso, wasu suna cewa ya isa haka.

To, a nan take. Cututtuka da dama da ke damun mutane ba raunin garkuwa ne ya kawo su ba, zaƙewarta ce. Kamar 'yan sintirin unguwa ne: idan sun yi barci ɓarawo ya shiga, idan kuma suka zaƙe sai su rufe ɗan gida da duka don ya dawo da dare. Mai asma da ƙurar hunturu ke shaƙe wa ƙirji, garkuwarsa ce ta ɗauki ƙura a matsayin maƙiyi. Mai borin jini haka. Matar da gaɓoɓin yatsunta ke kumbura su sandare da asuba, wato amosanin gaɓɓai na cikin jini, garkuwarta ce ke cin gaɓoɓinta. A korona ma, da yawa daga waɗanda suka rasu ambaliyar sitokin ce ta lalata musu huhu, kuma maganin farko da aka tabbatar yana rage mace-mace, deksametazon, wanda gwajin Ingila ya bayyana a watan Yunin 2020, aikinsa danne garkuwa ne. Mutum irin waɗannan idan da gaske ka ƙara wa garkuwarsa ƙarfi, ka ƙara masa ciwo ne.

Yanzu ga ita tsabar. Ana nomanta a Masar da Indiya da Turkiyya da Habasha da Siriya, daga can ake kawo mana. Kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinta mai ne. A cikinsa akwai wani ɗan ɓangare mai ƙamshi da yaji, wanda ke tashi a iska idan ya ji zafi, kuma a nan ne ake samun sinadarin da aka fi magana a kai, timokwinon. Wani masani ɗan Masar, El-Dakhakhny, ya ware shi a 1963. Ban da shi akwai furotin da wasu sinadarai masu ɗaci da masu kumfa.

Abin da ya sa wannan rabe-rabe ke da muhimmanci shi ne, hanyar da aka bi aka tatso tsiro ita ke yanke abin da za a samu. Masu maganinmu sun san da haka tun fil azal, shi ya sa suke bambanta jiƙo da dafawa da tsimi da gari da sirace. Ruwa yana janyo abin da ke narkewa a ruwa, mai yana janyo abin da ke narkewa a mai. Timokwinon ba ya son ruwa sosai, kuma zafi da haske suna lalata shi. Don haka wanda ya tafasa tsabar ya sha ruwan, da wanda ya sha cokalin man da aka matse a sanyi, da wanda ya tauna ta ɗanya, ba abu ɗaya suka sha ba, ko da duk sun ce habbatus sauda suka sha. Ko man ma ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba. Duk lokacin da aka auna mayukan da ke kasuwa a ƙasashe daban-daban, akan tarar yawan timokwinon a wani ya ninka na wani sau da yawa. 'Yan kasuwarmu da ke cewa ta Habasha ta fi yaji suna da gaskiyarsu, amma kwalbar da ta wuni a rana kan tebur a bakin titi ba lallai ta kai gida da ƙarfin da ta baro kanti da shi ba.

Labarin tazargade ya isa misali. Tu Youyou da abokan aikinta a Sin sun yi ta dafa ganyen suna neman maganin zazzabin cizon sauro, sakamako yana zuwa yana ɓacewa. Sai ta koma wani tsohon littafi na ƙarni na 4, ta ga an ce a jiƙa ganyen a ruwa a matse, ba a ce a dafa ba. Ta sauya zuwa tatsa a ƙaramin zafi, aka samu atemisinin a 1972, maganin da yau yake cikin kowane kemis a Kano. Ta samu kyautar Nobel a 2015. Tsiro ɗaya ne, hanyar tatsa ce ta raba nasara da faɗuwa.

Daga ina maganar ƙara garkuwa ta samo asali? Mafi yawanta tana komawa ga wani aiki da Dakta Ahmed El-Kadi, likita ɗan asalin Masar da a lokacin yake aiki a jihar Fulorida ta Amurka, ya gabatar tare da abokin aikinsa Kandil a 1986. Sun ba wasu mutane masu lafiya giram ɗaya na tsabar sau biyu a rana har mako huɗu, suka ga a yawancinsu ƙwayoyin T masu taimako sun ƙaru idan aka gwada da masu dannewa, kuma wasu ƙwayoyi masu kashe ƙwayar halittar da ta gurɓace sun ƙara kuzari. Wannan sakamako ya zaga duniyar Musulmi, littattafan ɗibbu suka yi ta kwafarsa. Amma mutanen da aka gwada ƙalilan ne, kuma abin da aka auna lissafin ƙwayoyi ne a jini. Ba a bi su an ga ko sun fi sauran mutane tsira daga mura ko tarin fuka ba. Lamba ta motsa a takardar gwaji, wannan daban, mutum ya kuɓuta daga cuta, wannan ma daban.

A shekarun 1990 wasu masana a Saudiyya sun zuba furotin ɗin tsabar a kan ƙwayoyin jinin mutum a cikin kwano, suka ga wasu sitokin sun ƙaru. Sai kuma a 2004 wasu a Bangaladash suka yi wa ɓeraye allurar da ke sa jiki ƙera makamin yaƙi da taifod, suka ba wasunsu ɓangaren man mai ƙamshi. Waɗanda aka ba man sai suka ƙera makami ƙasa da na sauran. Wato wani ɓangare na tsabar yana zuga wani sashe na garkuwa, wani ɓangaren yana danne wani sashen. Mai tallar da ya ɗauki sakamakon farko ya bar na biyu bai yi ƙarya ba, rabin labari ya ba ka.

Ɓangaren lallashi ne hujja ta fi taruwa. A 1995 Peter Houghton da abokan aikinsa a Landan sun nuna cewa man da timokwinon suna toshe hanyoyi biyu da fararen ƙwayoyin jini ke bi su ƙera sinadaran kumburi. Ɗaya ita ce hanyar da asfirin da ibufurofen ke toshewa. Ɗayar kuma ita ce mai ƙera sinadaran da ke matse hanyar numfashi ga mai asma. Wasu gwaje-gwajen sun nuna wani sinadari na tsabar yana hana sakin histamin, abin da ke jawo ƙaiƙayi da atishawa da kumburin borin jini. Bayan haka an yi gwaje-gwaje masu yawa a ɓeraye da cikin kwano da suka nuna timokwinon yana rufe wani makunni a cikin ƙwayar halitta wanda idan ya buɗe ake kwararo sitokin masu hura kumburi.

Kwano da ɓera ba mutum ba ne, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce. A kwano ana zuba sinadari kai tsaye a kan ƙwaya. A jikin mutum sai ya bi ta ciki da hanji, hanta ta sarrafa shi, furotin ɗin jini ya riƙe mafi yawansa, ɗan abin da ya rage shi ne zai kai inda ake so. Ana kuma ba ɓera adadin da idan aka lissafa da nauyin mutum babu mai iya sha. Magunguna bila adadin sun yi abin mamaki a ɓera suka kasa a mutum. Don haka idan ka ji an ce masana sun gano kaza yana kashe ƙwayar ciwon daji, tambayar farko ita ce, a jikin wa?

Sa'ar da habbatus sauda ta yi ita ce an gwada ta a mutane. A asibitin Jami'ar Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, Abdulrahman Koshak da abokan aikinsa sun raba masu asma 80 gida biyu. Rabi suka sha kafson man, miligiram 500 sau biyu a rana har mako huɗu, rabi suka sha kafso mai kama da shi amma ba maganin a ciki, kuma daga marasa lafiyar har likitocin babu wanda ya san wa ya sha wanne sai da aka gama. Sakamakon da aka wallafa a 2017 ya nuna waɗanda suka sha man sun fi samun sauƙin alamomin ciwon, kuma ƙwayoyin jinin da ke yawaita a jikin mai asma sun ragu. Awon ƙarfin huhu bai nuna bambancin da za a kafa hujja da shi ba. Abu mafi muhimmanci, dukkansu sun ci gaba da shaƙar maganinsu na asibiti, man ƙari ne aka yi. A Alƙahira kuma, a 2012, an gwada irin wannan adadi a kan mata 40 masu amosanin gaɓɓai, kumburin gaɓoɓi da sandarewar safiya suka ragu. Akwai irin wannan ga masu atishawa da toshewar hanci na borin jini. Duk gwaje-gwajen ƙanana ne, na makwanni kaɗan. Amma ka lura duk alƙiblarsu ɗaya ce: inda garkuwa ta zaƙe, nan man ya yi amfani.

A korona ma an gwada ta a Saudiyya da Pakistan, an ba da rahoton masu sha sun fi saurin warwarewa. Gwajin Saudiyya kowa ya san abin da ya sha, kuma alamomin da mutum ke faɗa da bakinsa aka auna, wanda hakan ke rage masa nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa ta cikin magungunan korona ba.

Akwai wani rahoto da ya kamata a taɓo, don ya yi yawo a wayoyi. A 2013 wasu masu bincike, ciki har da wani daga Ibadan, sun wallafa labarin wani mai ɗauke da ƙwayar ƙanjamau da aka ce gwajinsa ya koma babu cuta bayan ya sha wani haɗi mai habbatus sauda. Labarin mutum guda ne. Ba a kai ga babban gwajin da ya tabbatar da shi ba har yau. Wanda ya ajiye maganinsa na asibiti saboda wannan, ƙwayar za ta dawo cikin makwanni, kuma tana iya dawowa ta ƙi jin maganin da a da take ji.

Na san mai karatu zai ce, ina hadisin? Hadisin ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim daga Abu Huraira, cewa a cikin habbatus sauda akwai waraka daga kowace cuta ban da mutuwa. Babu abin da aka faɗa a sama da ya ci karo da shi, kuma malaman da suka yi sharhinsa sun riga mu zurfafawa. Ibn Hajar a Fathul Bari ya kawo maganar Khaɗɗabi cewa lafazin na gama-gari ne da ake nufin keɓantacce da shi, ya kuma kawo ra'ayin waɗanda suka bar shi a kan gamewarsa, tare da bayanin cewa wani lokaci ana amfani da ita ita kaɗai, wani lokaci a haɗe da wani abu, a ci, ko a sha, ko a shaƙa, ko a shafa. A wata ruwayar Bukhari, da Galib bin Abjar ya yi rashin lafiya, Ibn Abi Atiƙ cewa ya yi a ɗauki ƙwaya biyar ko bakwai a niƙa, a haɗa da mai a ɗiga a hanci. Adadi ne aka ƙayyade, da hanya, ga wani ciwo sananne. Ba a ce a kwankwaɗi rabin kwalba kullum ba. A ganina, mai binciken da ke auna miligiram ya fi kusa da wannan tafarki fiye da mai lasifikar da ke lissafo cuta arba'in a numfashi ɗaya.

Akwai kuma aikin da babu tsiron da zai yi shi. Mashaƙo ya ɓarke a ƙarshen 2022, kuma Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, galibinsu yara da ba a yi musu rigakafi ba ko ba a kammala ba. Abin da ke kare yaro daga mashaƙo makami ne na musamman da ya san dafin ƙwayar, kuma jiki ba ya ƙera shi sai an nuna masa samfurin dafin da aka kashe wa kaifi. Wannan shi ne aikin allurar rigakafi. Duk yawan man da aka ɗura wa yaro ba zai koya wa ƙwayoyinsa na B kamannin abin da ba su taɓa gani ba. Inda garkuwa ke yin rauni da gaske a wurinmu ma sananne ne: tamowa, ƙanjamau, ciwon suga da ba a kula da shi ba, da ƙyanda, wadda binciken da aka wallafa a 2019 ya nuna tana goge wani ɓangare na abin da jikin yaro ya riga ya koya game da wasu cututtukan. Yaro mai tamowa ƙwai da wake da gyaɗa da zogale yake buƙata kafin komai.

Ɗan abin da ake barbaɗawa a abinci ko cokalin shayi na man bai cika cutar da mai lafiya ba. Wasu takan ɓata musu ciki, wasu kuma man kan fesa musu ƙuraje idan sun shafa. Tana ɗan sauke suga da hawan jini, don haka mai shan maganin waɗannan ya riƙa awo. Mai juna biyu ta tsaya a ɗan abin da ke cikin abinci.

Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne masu dashen ƙoda. Asibitin Malam Aminu Kano ya fara dashe tun 2002, ga kuma waɗanda suka yi a Indiya da Masar suka dawo. Rayuwarsu ta rataya ne a kan magunguna irin su siklosforin da takrolimus, masu danne garkuwa don kada ta far wa sabuwar ƙodar, kuma dole adadinsu a jini ya tsaya a wani ɗan tsakani. A wani gwaji da aka yi a Saudiyya a kan zomaye, habbatus sauda ta rage yawan siklosforin da ke kaiwa jini. Zomo ba mutum ba ne, kamar yadda aka faɗa, amma an taɓa ganin irin wannan a mutane da wani ganyen Turai da ake sha don damuwa: a 2000 likitoci a Zurik ta ƙasar Suwizalan sun ba da rahoton mutum biyu da jikinsu ya fara ƙin zuciyar da aka dasa musu bayan sun fara shan sa. Ɗan'uwa zai zo dubiya da kwalba a leda da kyakkyawar niyya, ya ce Yaya, ga wannan, yana ƙara garkuwa. Shi kuwa mai dashe garkuwar ce abin gudunsa.

Lambar NAFDAC da ke jikin irin waɗannan kwalabe ma ana yi mata gurguwar fahimta. Ga yawancin magungunan gargajiya, abin da hukumar ke dubawa shi ne ko abin zai cutar, ba ko yana warkar da abin da aka rubuta ba. Shi ya sa ake buƙatar a rubuta a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Rubutun ƙanana ne, kuma da Turanci.

Likitocinmu ma suna da nasu laifin. Majiyyaci ba ya faɗin yana shan na gargajiya saboda ya san harara zai sha, likita kuma ba ya tambaya. Da za a riƙa cewa, Baba, ban da na asibiti me kake sha a gida, ba tare da faɗa ba, da an kama matsaloli da yawa tun da wuri. Gwajin da aka yi a Jidda ma ba abin da ya fi ƙarfin Kano ba ne. Ga masu asma cike da asibitoci duk hunturu, ga sashen harhaɗa magunguna a Jami'ar Bayero da zai iya auna timokwinon a mayukan da ake sayarwa a gari ya faɗi wanne ne mai ƙarfi, wanne ne aka cakuɗa da man gyaɗa. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta taɓa ɗaukar wani haɗin gargajiya mai masoro da kanumfari da karan dafi ta mayar da shi Niprisan, maganin sikila da aka gwada a kan marasa lafiya. Hanyar a buɗe take, kuɗin gwaji da wanda zai tsaya a kai ne ba a samu ba tukuna.